DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: A CETO TSOFAFFIN WAƘOƘIN NIJAR

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. To, amma sai in an adana zumar. A garin Gure, cikin jahar Damagaram, kamar a sauran garuruwan ƙasa, akwai gidajen da tsofaffin kaset-kaset ke jibge cikin akwati, ƙarƙashin gado, ƙura ta lulluɓe su. Mafi yawansu na shekarun 1970 da 1980 ne, zamanin da mawaƙan zamani na Nijar suka fara tashe. Masu su sun koma sauraren waƙa a wayar salula, ƴaƴansu kuwa ba su taɓa ganin na'urar da ake sa su ba. Wannan lamari ya cancanci hukumomi da talakawa su dube shi da idon basira, domin dukiyar ƙasa ce take lalacewa a ɓoye.

Misali ɗaya ya isa ya nuna girman abin. A shekara ta 1978 wani ma'aikaci mai suna Mamman Sani Abdullahi ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasa a birnin Yamai, riƙe da wani abin kiɗa na lantarki ƙirar Italiya, ya ɗauki kaɗe-kaɗen da ya tsara bisa amon gargajiyar ƙasa. Kaset ɗin da aka buga kaɗan ne ƙwarai. Shekara da shekaru ƴan Nijar suna jin kiɗan nan tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, amma ƙalilan ne suka san sunan mai shi. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, kamfaninsa na Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013, sannan duniya ta san Mamman Sani, har aka gayyace shi wasa a ƙasashen Turai. Shekara 35 ke nan tsakanin ɗaukar kiɗan da fitowarsa fili. Abin murna ne, kuma yabon gwani ya zama dole. Amma abin tambaya shi ne: don me sai baƙo ya zo daga bayan teku kafin a san darajar abin da ke cikin ɗaki?

Mutanen Gure suna da nasu darasi, wanda ya fi wannan kusa. Marigayi Malam Mamman Barka ɗan Taskar ne, garin da a da yake cikin gundumar Gure. Malamin makaranta ne, shi ya sa ake ce masa Malam. Da gurminsa ya yi suna, kaset-kaset ɗinsa suka bazu a kasuwannin Nijar da arewacin Nijeriya. A 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya tafi yankin tafkin Cadi wurin wani dattijo, Bukar Tar, wanda shi ne ya rage cikin gwanayen biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale. Ya zauna gabansa kamar almajiri, ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa, kuma a 2009 aka buga masa faifan biram a Ingila. Da ya yi jinkiri kaɗan, da an binne biram tare da Bukar Tar. Malam Barka ya rasu a Yamai a watan Nuwamba na 2018. Mutumin da ya ceci kiɗan wasu, yanzu nasa waƙoƙin na farko ne ke bukatar mai ceto. Duk wanda ke da tsohon kaset ɗinsa a Gure ko Taskar ko Kelle, ya sani amana ce ke hannunsa.

Waɗannan biyu ma sun yi sa'a, tunda an san sunansu. Ina sauran? A 1976 aka buɗe bikin matasa na ƙasa karo na farko a birnin Damagaram. Daga nan, kowace gunduma takan tace ƴan wasanta ta tura su gasar jaha, jaha kuma ta tura zaɓaɓɓu zuwa gasar ƙasa. An yi waƙoƙi masu yawa a kan haɗin kai, da noma, da dashen itace, da yaƙi da jahilci. A 1987 kuma aka ƙirƙiro gasar Ɗan Gurmu domin kiɗan zamani, wadda ta ɗauki sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa. Ƙungiyoyin makaɗa irin su Super Haske ta Damagaram da Azna ta ƙasar Adar sun nishaɗantar da jama'a a wancan zamani. Sai dai a yawancin waƙoƙin bikin matasa, sunan gari ake ambata, wani lokaci da sunan yarinyar da ta rera. Wanda ya zauna da dare gaban fitila ya tsara baitoci, sau da dama malamin makaranta ko ɗan samariya, ba a rubuta sunansa ko'ina ba. Yau kuwa waƙar tana yawo daga waya zuwa waya, babu suna, babu shekara, kamar akuyar da ta ɓace wa mai ita ranar kasuwa.

Wani zai ce ƙasa tana da matsalolin da suka fi wannan: abinci, da ruwa, da tsaro, da rairayin da ke cinye kwaruruwan dabino na ƙasar Muniyo. Gaskiya ne, ba mai musu. Amma aikin da ake magana a kai ba ya cin kuɗi masu yawa, kuma ba ya jira. Zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai riƙe murya. Zafi yana sa ta miƙe ko ta manne, ƙura tana kankare ta, danshin damina yana kawo mata fumfuna. Kaset ɗin da ya shekara 40 cikin ɗakin kwano a zafin bazarar Gure, ba a san ko zai ƙara shekara 10 ba. Na'urorin da ke karanta shi su ma suna ƙarewa, haka masu gyaransu. Rijiya in ta rushe ana sake haƙa ta, amma muryar da ta goge, mai ita kuma ya riga mu gidan gaskiya, ba ta dawowa.

Saboda haka akwai abubuwa uku da ya kamata a yi. Na farko, hukumomin gari su buɗe rajista a gidajen matasa da al'adu, inda mai kaset zai kawo kayansa a kwafe a kwamfuta, a mayar masa da abinsa hannu da hannu, tare da takardar shaida. Idan mutane suka tabbata ba ƙwace za a yi musu ba, za su kawo. A aika da kwafi ɗaya zuwa gidan rediyon ƙasa, ɗaya kuma zuwa cibiyar koyar da kiɗa mai sunan marigayi Alhaji Taya a Yamai, domin kada a tara dukiyar wuri guda.

Na biyu ya shafi waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karatu da rubutu ya riga ya mallaki kayan aikin. Littafi da alƙalami sun wadatar. Ya je wurin dattawan da suka yi samariya, ya tambaye su: wa ya tsara wannan waƙa? Wa ya rera ta? A wace shekara, a wane biki, da wane harshe, Hausa ko Barbarci ko Tubanci ko Fillanci? Ya rubuta amsa, ya liƙa ta jikin kaset. Na'ura tana ceton murya, amma sunan mai waƙa bakin dattijo kaɗai ke riƙe da shi, dattawan kuwa kullum raguwa suke yi.

Na uku shi ne hakki. Ƙasa tana da ofishin kare hakkin masu fasaha, wato BNDA. Idan aka sake buga tsohuwar waƙa, a gida ko a waje, wajibi ne mai ita ko magadansa su sami rabonsu. Amma ofishin ba zai biya wanda ba a san sunansa ba. A nan ne rubutun ɗan yaƙi da jahilci zai iya zama hatsi a rumbun marayu.

Kowace shekara, ranar 27 ga Oktoba, UNESCO tana tunatar da duniya muhimmancin adana tsofaffin muryoyi da hotuna. Zai yi kyau a ce a irin wannan rana Gure, ƙasar da ta haifi Malam Barka, ita ce ta fara buɗe rajistarta, sauran gundumomi su bi sawu. Ba laifi ba ne baƙo ya so waƙar Nijar, amma ya kamata in ya zo ya tarar da masu gida sun riga sun ƙidaya kayansu. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya jiƙan mawaƙan da suka rigaya, ya ba hukumomi da jama'a ikon riƙe amanarsu.