Makanikan kan hanya: su wa za su gyara manyan motocin gobe?

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Yamai zuwa Damagaram, ya san alamar: rassan itace jere a kan kwalta, can gaba kuma babbar mota ta tsaya, karen mota na kwance a inuwarta. Direba ya riga ya buga waya. Bayan awa biyu ko uku sai ga makanike bisa babur, yaronsa a baya riƙe da jakar sufanu da jak da ƴan kayan gyara. Wannan mutum ba shi da ofis, galibi ba shi da takardar shaidar sana'a, amma a hannunsa yake ko shinkafa da siminti su iso kasuwa a kan lokaci ko su kwana uku a daji.

Nijar ba ta da teku, ba ta kuma da jirgin ƙasa mai jigilar kaya. Layin dogon da aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso bai taɓa shiga aikin kasuwanci ba. Saboda haka kusan duk abin da ke shigowa ko fita a bayan mota yake tafiya: albasar Galmi, dabbobi da wake zuwa Najeriya ta Konni da Ɗan Isa, man matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, zuwa sauran jihohi.

Aikin nan ya ƙara nauyi tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Takunkumin CEDEAO ya toshe hanyar Kwatano, kuma ko bayan da ƙungiyar ta janye shi a Fabrairun 2024, hukumomin Yamai sun bar gadar Gaya zuwa Malanbil a rufe. Kaya da yawa suka koma bin tashar jirgin ruwan Lome, su ratsa Burkina Faso, su shigo ta Dori da Tera cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanyar ta fi tsawo, jira ya fi yawa, kuma motar da ta lalace a wannan yanki na rashin tsaro ba kamar wadda ta lalace a bakin Gidan Rumji ba ce. Shi ya sa masu motoci ke matsa wa makanikai lamba su duba komai kafin tashin ayari.

Matsalolin da suke cin karo da su kullum sanannu ne. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, inji ya rasa ƙarfi. Zafin Afrilu da Mayu yana tafasa ruwan inji, ya fasa tsofaffin tayoyi. Gazuwal mai datti ko wanda aka gauraya yana kashe famfon mai da bakunan fesa shi. Ramukan hanya, musamman tsakanin Tawa da Agadas zuwa Arlit, suna karya sifirin da ƙusoshin taya. Birkin manyan motoci da iska yake aiki, don haka ƙaramin tiyo ɗaya in ya huje, birki na iya kamewa mota ta ƙi motsi. Makanike yana gane yawancin waɗannan da kunne, da launin hayaƙi, da ƙamshin mai, kafin ya kwance ƙusa ko ɗaya.

Babban abin da ke kashe motocin shi ne lodi fiye da ƙima. Ƙungiyar UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 tun 2005 don iyakance nauyin da babbar mota za ta ɗauka, amma aiwatar da ita ya daɗe yana tafiyar hawainiya a ƙasashen yankin. Mai mota yana ganin in ya ƙara lodi zai mai da kuɗin mai da na jiran hanya. Abin da ya samu a nan, sai ya biya shi a kuloci da ya ƙone da gatarin da ya lanƙwashe, hanyar kuma ta ƙara lalacewa ga kowa.

Sai batun kayan gyara. Makanikan Maraɗi da Damagaram sun dogara sosai ga Kano, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa. Sau da yawa ana aika hoton abin da ya lalace ta WhatsApp, a tura kuɗi, a saka kayan a motar haya. In an yi sa'a su iso washegari. In jabu aka aiko, gyaran ba zai kai mako ba, kuma makanike ake zagi. Mai albasa da ke jira ba shi da wannan lokaci: kwana biyu cikin rana sun isa buhunan ƙasa su fara ruɓewa. Asarar tana komawa kan manomi da ɗan kasuwa, daga ƙarshe ta bayyana a farashin da mai cefane ke biya.

Barazanar da ta fi girma ga sana'ar tana zuwa ne daga motocin kansu. Tsofaffin Mercedes da Renault da DAF da aka saba da su ana iya tayar da su da sufana da dabara. Waɗanda ke shigowa yanzu daga Turai, da wasu daga cikin na China irin su Howo da Shacman, suna da kwamfuta mai kula da fesa mai da aikin inji. In ta ga matsala tana iya rage ƙarfin motar, kuma sai an haɗa na'urar bincike kafin a san dalili. Na'urar tana da tsada, bayananta da Faransanci ko Turanci suke fitowa, alhali yawancin masu wannan aiki a gareji suka koya tun suna yara, wajen maigida, ba a aji ba. In ba a yi wani abu ba, motar da ta tsaya a Tasawa za ta riƙa jiran gwani daga Yamai ko Kano, mai tazarar ɗaruruwan kilomita.

Akwai inda za a fara. Ƙasar tana da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, da asusun FAFPA mai tallafa wa horo, da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Abin da ake buƙata shi ne gajeren horo da Hausa, da yamma ko a ranakun da aiki ya yi sauƙi, kan wutar mota da karanta na'urar bincike, tare da ba ƙwararrun da suka shekara ashirin a bakin hanya takardar shaida. Ƙungiyoyin makanikai na iya haɗa kuɗi su sayi na'ura ɗaya a kowane babban zango kamar Konni, Maraɗi da Damagaram. Ƙungiyoyin masu motocin sufuri ma suna da riba a ciki, domin su ne ke biyan kuɗin kowane dare da mota ta kwana a hanya.

Akwai kuma batun rai. Makanike yana kwance ƙarƙashin mota mai lodi, jak ɗaya da guntun katako ke riƙe da ita, da dare, fitilar waya a bakinsa, motoci na wucewa da gudu. Tilasta wa direbobi ajiye alamar gargaɗi mai ƙyalli a maimakon rassan itace, da samar da wuraren rakuɓewa a gefen hanya, aiki ne da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da jandarmomi za su iya sa ido a kansa tun yanzu, ba tare da jiran wani babban kasafi ba.