Ku Bar Aya Ta Yi Magana Da Bakinta

Ranar Laraba mai zuwa, 17 ga Yulin 2013, za a fara nuna fim ɗin Aya de Yopougon, wanda aka ɗauko daga littafin labari mai zane, a gidajen silima na Faransa. Ba a kai ga kashe fitila ba, amma wasu masoya littafin sun riga sun yi wa fim ɗin sallar gawa. Abin da ya ɓata mini rai ke nan a makon nan, ga azumi a baki.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Lyon ne ya fara kirana. Ya ce, "Kawu, ai sun gama da Aya. Littafi shida, a ce fim ɗin bai kai awa ɗaya da rabi ba? Mu dai a nan Guillotière mun ce ba mai zuwa." Na ce masa, "Kai yaro, ka gani ne?" Ya ce talla kawai ya gani. Kashegari a nan Paris, wajen shan ruwa kusa da Château-Rouge, na sake cin karo da maganar a bakin wasu matasa 'yan Afirka ta Yamma. Wannan ya ce zanen ya yi tauri idan yana motsi. Wancan ya ce an tsaya a littattafai biyun farko, an zubar da huɗu. Wata kuma ta ce za a rasa shafukan ƙarshe, inda ake koyar da miyar gyaɗa da ɗaurin zane da yadda ake goya yaro.

Ita ce mai gaskiya a cikinsu, domin waɗannan shafuka ba su da mazauni a majigi, kuma rashi ne.

Sauran kuwa ba su tambayi abin da ya kamata a fara tambaya ba: a hannun wa aikin yake? Marguerite Abouet ce ta rubuta labarin, Clément Oubrerie ya zana shi, kuma su biyun ne suka ba da umarnin fim ɗin. Ba wani attajirin furodusa ba ne ya saye littafin ya kai shi ɗaki ya rufe ƙofa. Matar da aka haifa a Abijan a 1971, aka kawo ta Faransa tana da shekara 12, ta yi shekaru tana aikin taimaka wa lauyoyi kafin kamfanin Gallimard ya buga mata littafin farko a 2005, ita ce dai ke zaune a kan kujerar. A 2006 littafin ya ci kyautar littafin farko a bikin Angoulême. Idan ita ta ga littattafai biyu sun isa fim guda, wa ya fi ta sanin inda labarin ke numfashi? An taɓa bin wannan hanya kuma ta ɓulle. Marjane Satrapi ta haɗa kai da Vincent Paronnaud ta mayar da Persepolis fim, ya samu kyautar alƙalai a Cannes a 2007. Joann Sfar ya yi haka da Le Chat du rabbin a 2011.

Ni abin da zan je saurare ranar Laraba shi ne murya. Na sha faɗa a wannan shafi cewa littafin labari mai zane yana ba ka fuska, yana ba ka riga da ɗaki da titi, amma muryar kai ne ke sakawa. Duk wanda ya karanta Aya yana da Ayarsa a kunne. Ɗan Abijan yana jin Faransancin unguwa, mai jan ƙarshen kalma, mai cike da tsaki da karin magana. Bafaranshen da ya sayi littafin a kantin Présence Africaine da ke titin des Écoles yana jin wata daban. Ni kaina idan Bintou ƙawar Aya ta buɗe baki, muryar wasu 'yan matan unguwarmu nake ji, duk da cewa ba su san kalma ɗaya ta Faransanci ba. Fim ba ya barin wannan 'yanci. Dole ya zaɓi murya ɗaya ya ce ga ta. To idan ya zaɓi ta Paris, mai santsi, wadda aka goge don kada kunnen Bature ya wahala, nan ne za a ce an ci amanar littafin, ko da an saka duk shafukansa ba a bar ko ɗaya ba. Ƙarfin Aya ba a sarƙar labari yake ba. Labarin ai kowa ya san irinsa: Adjoua ƙawar Aya ta yi ciki, aka liƙa wa Moussa ɗan Sissoko mai kamfanin giya, aka yi biki, jariri ya zo da fuskar wani saurayi, Mamadou. Ƙarfinsa yana cikin yadda uwa ke yi wa 'yarta faɗa, yadda uba ke kame-kame idan asirinsa ya kusa tonuwa, yadda Aya mai shekara 19 ke nanata cewa likita za ta zama alhali mahaifinta na neman mata miji mai kuɗi. Duk wannan a baki yake. Aïssa Maïga ce ta ari bakin Aya, 'yar wasan da aka haifa a Dakar, mahaifinta ɗan Mali, ta tashi a Faransa. Tare da ita akwai Tatiana Rojo da Tella Kpomahou da Jacky Ido. Sunayen sun kwantar mini da hankali, amma sai kunne ya ji. Wanda ke son yin gardama mai amfani, ga inda zai yi ta.

Kuma ƙorafin nan ya fi ba ni haushi da ya fito daga Lyon. A unguwar Monplaisir ta wannan gari 'yan uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka ɗauki fina-finansu na farko a 1895, har yau titin yana amsa sunan Premier-Film. Cikin gajerun fina-finai goma da suka nuna wa masu biyan kuɗi a Grand Café na Paris ranar 28 ga Disamban wannan shekara, akwai na mai ban-ruwan lambu da yaro ya taka masa tiyo, ya leƙa bakin tiyon, ruwa ya wanke masa fuska. Wannan raha masu zane sun riga sun buga ta a takarda shekaru kafin a ɗauke ta a kyamara. Ashe tun ranar farko silima ke ɗiba daga zane. Garin da ke yin bikin Lyon BD duk watan Yuni bai kamata a koya wa matasansa wannan ba.

Yanzu bari in faɗi mai ɗacin. Shekara biyu kacal da suka wuce, a watannin Afrilu da Mayun 2011, wane Yopougon talabijin ɗin Faransa ya nuna? Gawawwaki a titi, samari da bindigogi, hayaƙi, mata da ƙullin kaya a ka. A wannan unguwa ta Abijan mayaƙan da ke goyon bayan Laurent Gbagbo suka yi tirjiyar ƙarshe. Miliyoyin mutane a ƙasar nan ba su taɓa jin sunan unguwar ba sai a wannan yanayi. Yau ga fim da zai nuna musu Yopougon na 1978, zamanin Houphouët-Boigny da kuɗin koko da kofi, inda damuwar mutane ita ce aure da makaranta da ƙarin girma a ofis, sai kuma 'ya'yan Afirka su ne ke cewa ba za su je ba saboda an cire musu wani babi. Wannan ba kishin littafi ba ne, son kai ne. Kowa ya san yadda kasuwar silima take a Faransa: Larabar farko da makon farko ake dubawa. Idan kujeru suka zauna wayam, a sauke fim a sa wani, tsakiyar hutun bazara kuwa manyan fina-finan Amurka na nan a layi. Gobe idan wata 'yar Afirka ta kai labarinta wajen masu kuɗi, da alƙaluman Aya za a amsa mata. Je ka gani, ka fito ka soka iya son ranka, wannan haƙƙinka ne. Amma wanda ya ƙi zuwa ya taya a rufe ƙofa.

Masu karatu sun san ba zan tashi ban taɓo gida ba. Mu da ke wannan surutu a Paris da Lyon, me muka yi da namu littattafan? Tun 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Ado Ahmad Gidan Dabino ya kai In Da So Da Ƙauna gaban kyamara da hannunsa a ciki. An yi fim ɗin Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, littafin da a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci. Daga nan fa? Kasuwa maƙil da littattafan matan Kano da Katsina da Zariya, amma furodusa ya fi son ya kwana yana kallon fim ɗin Indiya, da safe ya sauya sunaye ya kira shi sabon labari. Wanda kuma ya ɗauki littafin Hausa, sau da yawa marubuciya a kasuwa za ta ji labari, ba izini, ba ko sisin kwabo, wani lokaci ba ma sunanta a jikin faifai. Indiyawan da muke kwaikwayo sun zo sun ɗauki Balaraba, mu muna can muna kwashe nasu.

Zane kuwa ba a ma maganarsa. Magana Jari Ce na nan tun shekarun 1930, da aku da sarki da waziri, kowane labari a cikinsa na kiran mai zane. Muna da yara a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da hannunsu bai gaza na Oubrerie ba, suna gama karatu su koma rubuta allon shago. Ina kira ga masu buga littattafai a Zariya da Kano su ɗauki marubuciya ɗaya da mai zane ɗaya, su biya su na shekara guda, su rubuta a takarda cewa duk ranar da za a yi fim, su biyun ne za su zauna a kan kujerar.