Fitilun Kirsimeti, Ƙwaryar Biki Da Marayun Sabuwa

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, tashoshin talabijin na ƙasashen waje sukan cika da hotunan wasu gidaje a Amurka da Ingila da Ostireliya, waɗanda masu su suka lulluɓe da ƙananan fitilu masu launi iri-iri, tun daga rufin ɗaki har zuwa bishiyar ƙofar gida, domin murnar Kirsimeti. Da yawa daga cikinmu idan muka ga haka sai mu taɓe baki, mu ce wannan aikin wanda wuta ta yi wa yawa ne, mu da ko ta karatun dare ba ta ishe mu ba ina ruwanmu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai akwai abin da mai ɗaukar hoto bai cika haskawa ba, wato akwatin da wasu daga cikin masu gidajen ke ajiyewa a bakin ƙofa, wanda duk mai zuwa kallo yake jefa abin da ya sawwaƙa a ciki, bayan biki kuma a kwashe a miƙa wa wani asibiti ko wata ƙungiyar agaji. A kan wannan akwati muke son yin magana a yau, kuma da mutanen Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara muke yi, musamman 'yan bokonsu da ke zaune a birane.

Al'adar ba ta wani daɗe can ba. A watan Disamba na 1882 ne Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya rataya ƙwayayen lantarki 80 masu launin ja da fari da shuɗi a jikin bishiyar Kirsimeti a gidansa da ke New York, a lokacin da sauran jama'a ke amfani da kyandir, wanda yakan jawo gobara. Da lantarki ya yi araha sai adon ya fito daga falo ya hau bango, maƙwabta suka shiga gasa, 'yan kallo suka fara tururuwa. Daga nan ne wasu suka ga cewa tunda dai jama'a za su taru a ƙofar gidansu, bai kamata taron ya watse a banza ba. A birnin Kanbera na ƙasar Ostireliya, wani lauya mai suna David Richards da iyalinsa sun kunna fitilu 502,165 a gidansu a shekarar 2013, suka shiga kundin bajinta na Guinness, abin da 'yan kallo suka bayar kuma ya tafi ga ƙungiyar SIDS and Kids, mai tallafa wa iyayen da jariransu suka mutu farat ɗaya.

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Ba kira muke yi ga Musulmi ya yi bikin da ba nasa ba, ba kuma cewa muke yi 'yan'uwanmu Hausawa Kiristoci na kudancin Katsina su ci bashi su sayo fitilun da babu wutar kunna su ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne tunanin da ke bayan akwatin: duk wanda Allah Ya hore wa abin da zai yi shagali har a zo kallo, to akwai haƙƙin wanda ba shi da abin yin shagalin a kansa, kuma ranar bikin ita ce ranar biyan wannan haƙƙi.

Wanda ya san Sabuwa ya san inda maganar ta dosa. Ƙaramar hukuma ce ta manoma, mai iyaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, a yankin da ke ciyar da kasuwannin hatsi irin ta Dandume. Shekara da shekaru ita da maƙwabtanta suna cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba a Jihar Katsina. A watan Yuni na 2020 an kashe mutane da dama a Kadisau ta Ƙaramar Hukumar Faskari. Ranar 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, ana saura mako biyu Kirsimeti, a daidai lokacin da waɗancan gidaje na Turawa ke walƙiya. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan uku. A 2023 gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama. Kowa yana da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai. Abin da babu jayayya a kansa shi ne, ko da a ce yau aka ajiye bindiga ta ƙarshe, sulhu ba zai dawo wa maraya da ubansa ba, ba kuma zai mayar wa matar da aka kashe wa miji shanun huɗar da aka kora ba. Waɗannan bayin Allah suna nan, wasu a raɓe a gidajen dangi, wasu 'ya'yansu sun bar makaranta.

Abin mamaki shi ne Bahaushe ba ya bukatar Bature ya koya masa haɗa shagali da taimako, domin harshensa ma ya riga ya haɗa su a cikin kalma ɗaya. A bakin matan Hausawa, idan aka ce wance ta yi wa wance biki, ba ana nufin ta shirya mata taro ba, ana nufin ta kai mata kuɗi ko kaya a ranar aure ko suna, wanda ita ma za ta rama idan nata ya zo, sau da yawa ma har da ƙari. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta fitar a 1954 daga bakin wata dattijuwa da ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau, ya nuna yadda wannan musaya ta riƙe zumuncin mata tun kafin zuwan banki. Kalmar gudummawa kuwa, idan aka duba tushenta za a ga gudu a ciki, wato mutum ya ji kururuwar ɗan'uwansa ya ruga ya kai masa ɗauki. Ita kuma gidauniya, kafin ta zama sunan asusu, babbar ƙwarya ce. Ga gayya a gona, ga adashe, ga ciyayya tsakanin maƙwabta, ga tashe da yara ke fara yi daga goma ga watan azumi, suna bin gida-gida da wasa ana ba su ɗan abin da ya samu.

To amma a nan gizo ke saƙar. Bikin da muka gada, duk da kyawunsa, yana zagayawa ne tsakanin waɗanda za su iya ramawa. Wanda aka kora daga ƙauyensa ya fita daga wannan da'ira, domin ba ya taron da za a gayyace shi, ba shi kuma da abin da zai rama da shi. Addini ne ya toshe wannan kafa tun tuni. Musulunci ya ɗaura zakkar fidda kai a wuyan ƙaramar Sallah, sa'i guda na abinci a kan kowane mutum, a fitar kafin a tafi Idi, ya kuma ware wa mabukata rabo a naman layya. Kiristoci ma suna da baiko da bikin godiya na kaka. Ke nan tushen yana nan daram. Abin da ya faru shi ne bukukuwanmu sun kumbura, an ƙara musu anko da hayar zaure da masu ɗaukar hoto da kwanaki barkatai na shagali, rabon mabukaci kuwa yana nan inda kakanninmu suka bar shi, in ma bai ragu ba.

Ita ma gidauniyar zamani mun san yadda muka mayar da ita. A kama zaure a babban birni, a gayyato babban mai ƙaddamarwa, maroƙi ya riƙa shelar miliyoyi ana tafi, a tashi. Bayan wata shida ka tambayi nawa ne suka shiga asusu, nawa aka kashe, a kan wa, sai a fara kame-kame. Wannan ne ya sa mutane masu niyyar alheri suka janye hannuwansu. Karo-karon da aka fi yi da gaske a wannan yanki a shekarun nan shi ne na kuɗin fansa, inda ake sayar da gona da hatsi, a bi dangi ɗaya bayan ɗaya, a tara a kai daji. Al'ummar da ta iya tara wa azzalumi kuɗi a cikin mako guda saboda tsoro, bai kamata a ce ta kasa tara wa marayunta a cikin shekara guda ba.

Abin da ya sa akwatin ƙofar gida yake aiki a inda ya yi aiki abubuwa ne masu sauƙi. Na farko, ana ambaton wanda za a bai wa kuɗin tun kafin a fara karɓa. Na biyu, ba a jiran attajiri, taro da sisin jama'a ake tarawa. Na uku, kuɗi ne a hannu, ba alkawari ba. Na huɗu, abin yana dawowa duk shekara a lokaci sananne, don haka wanda ya ci amana bana ba zai ga kowa a ƙofarsa baɗi ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar ko ƙwan lantarki guda.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Ƙungiyoyin ci gaban Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da ke Katsina da Kaduna da Kano da Abuja su amince cewa duk ɗansu da zai yi taron aure ko suna ko walima, ko shagalin Sallah ko na Kirsimeti, zai ware wani kaso na abin da zai kashe, ko da ɗaya bisa goma na kuɗin ado ne, ya kuma sanar da baƙinsa cewa ga asusu ga wanda ya yi niyya. A ambaci aikin da sunansa: kuɗin jarrabawar kammala sakandare na marayu kaza, ko iri da taki ga mata kaza da suka rasa mazajensu, ko fitila mai aiki da hasken rana a ɗakin haihuwa na asibitin ƙauye kaza, wadda ita ce fitilar da yankin ke bukata da gaske. A buɗe asusu a banki mai sa hannun mutum uku, a sa wakilin hakimi da limami da fasto a inda akwai Kiristoci, a kuma sa mace, malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya, domin mata sun fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. Bayan kowane biki a karanta lissafi a bainar jama'a. Mu ɗauki misali: idan mutum 1,000 suka ba da Naira 5,000 kowannensu a Sallah ƙarama da babba, an tara Naira miliyan 10 a shekara ba tare da an roƙi ɗan siyasa ko ɗaya ba.

Mun san za a ce bayar da sadaka a fili ƙofar riya ce. Wannan tsoro ne mai kyau, maganinsa kuma shi ne a ɓoye sunan mai bayarwa, a bayyana jimillar kuɗin da inda suka tafi. A yanzu akasin haka muke yi, muna shelar mai bayarwa muna ɓoye lissafi. Za a kuma ce kula da waɗanda rikici ya ɗaiɗaita aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma ba za mu daina tuna mata ba. Amma yaron da ya kai shekarun shiga aji ɗaya bana ba zai tsaya da girma yana jiran kasafin kuɗi ba. Akwai kuma maganar tsaro, wadda ita ce ta fi muhimmanci. Kada a tara tsabar kuɗi a gidan wani a ƙauye, kada kuma a yi rabon da zai sa a nuna wani gida da yatsa, domin masu kai wa 'yan bindiga rahoto ba daga sama suke faɗowa ba. A tara a birni, a biya makaranta ko asibiti kai tsaye ta banki.

Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya kuma ce zumunta a ƙafa take. Yawancin waɗanda ke karanta wannan shafi, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da ma'aikatan banki, da kuɗin masara da auduga na irin waɗannan ƙauyuka aka yi musu karatu. Da yawansu sun daina kwana a gida saboda halin da hanya ta shiga, kuma ba mu ga laifinsu ba. Amma idan ƙafa ta kasa zuwa, ƙwaryar biki tana iya zuwa. Muna fata shugabannin waɗannan ƙungiyoyi za su sa wannan batu a zamansu na gaba, su tsayar da aiki guda ɗaya tak da za a fara da shi, su kuma faɗa wa jama'a ranar da za a karanta lissafi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya raya marayun da suka bari, Ya dawwamar da zaman lafiya a Sabuwa da Jihar Katsina da ƙasa baki ɗaya.