Awa Ɗaya Zuwa Abuja, Amma Ga Wa?

Ya Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in tanka wata magana da ake yawan yi mana, wai yanzu Katsina da Abuja tafiyar awa ɗaya ce tun da akwai jirgin sama. Ga mazaunin Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Soro a birnin Katsina, haka ne. Mu mutanen Funtua, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi kuwa, lissafinmu daban yake.

Daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua zuwa na Abuja, a miƙe ta sama, kusan kilomita 440 ne. Daga Funtua zuwa Abuja, a miƙe, ko 300 bai kai ba. To, ka duba abin da ake so mutumin Funtua ya yi: ya yi sammako bayan asuba, ya ba Abuja baya, ya bi ta Malumfashi da Kankiya, ya cinye kimanin kilomita 200 a mota yana kakkauce wa ramuka, ya zauna jiran jirgi, sannan jirgin ya ɗauko shi ya sake ratsowa da shi ta saman gonakin da ya baro da safe. Awa ɗayar nan ta cinye yini, ga kuɗin mota a kan kuɗin tikiti. In ta Gwarzo ya bi ya nufi filin jirgin Malam Aminu Kano, duk kanwar ja ce.

Ba raina filin jirgin Katsina nake yi ba. Daga nan alhazanmu ke tashi, kuma muna alfahari da shi. Damuwata ita ce a riƙa auna nisan jiha da ma'aunin babban birni kawai, a mance da kudancin da ke cika rumbu.

Mu abin da muke fitarwa nauyi gare shi: masara, dawa, waken suya, auduga. Duk wanda ya je kasuwar Ɗandume da kaka ya ga tireloli jere ana loda musu buhuna, 'yan dako na sheƙa gumi, ya san wannan kaya ba na jirgin sama ba ne. Tumatirin Ɗanja kuma, in mota ta kwana a hanya, sai ka ga ruwa na tsiyaya ta gindin kwando, manomi da dillali kowa ya tafka asara.

Abin takaici, muna da hanyar da ta dace da mu. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua ya isa Ƙaura Namoda tun 1929, shi ya riƙa kwashe audugar da iyayenmu suka noma. Yau ciyawa ta rufe shi a wurare da dama. An buɗe tashar tsandauri ta Funtua a 2024, amma ta yaya za ta yi aikinta in jirgin ƙasa ba ya zirga-zirga a kai a kai? Sabon layin Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi, bai leƙo mu ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Kaduna zuwa Kano, mai bi ta Zariya, kimanin kilomita 80 daga Funtua.

Don haka ina kira ga sanatanmu na shiyyar Funtua da 'yan majalisarmu na tarayya da su dage a gyara layin Zariya zuwa Funtua, a haɗa shi da layin Kaduna zuwa Kano, yadda mutum zai hau a Funtua, ya sauya a Zariya, ya sauka a tashar Idu da ke Abuja.



Wani manomi,
daga Bakori, Jihar Katsina