Wasiƙa a buɗe ga ma'aikatan gashin ƙashi: lissafin jinyar shanyewar ɓarin jiki a gida

Zuwa ga ma'aikatan gashin ƙashi da abokan aikinsu na ɗakunan jinya,

Wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki yakan fi farfaɗowa a watanni 3 zuwa 6 na farko, kuma mafi yawan wannan lokaci a gidansa yake cinye shi. Don haka batun inda za a yi masa gashi, asibiti ko gida, batu ne na lafiya da na aljihu gaba ɗaya.

Tun a shekarun 1990 aka soma gwada wani tsari a Ingila da Suwidin, daga baya Norwe da Kanada da Ostireliya: a sallami majinyaci da wuri, ayarin ma'aikata ya bi shi gida. A 2017 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 17 da suka ƙunshi mutum 2,422. Kwanciyar asibiti ta ragu da kusan kwana 6, kuma a kowane mutum 100 an sami ƙarin kusan 5 da suka rayu ba tare da dogara da wani ba. Rarar kuɗin da tsarin kan kawo daga gadon da aka bari take fitowa, domin gadon asibiti shi ne mai tsada. Amma ribar ta fi bayyana ga masu matsakaiciyar nakasa, kuma a inda ayarin ya ƙunshi mai gashi da nas da mai koyar da ayyukan yau da kullum, suna zaman tattaunawa kan kowane majinyaci.

Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2011, mai suna LEAPS, ya kwatanta injin koyon tafiya mai ɗauke nauyin jiki da motsa jiki a gida ƙarƙashin kulawar mai gashi. Mutum 408 suka shiga. Bayan shekara guda kusan kashi 52 cikin 100 sun sami ingancin tafiya, kuma injin bai ɗara gida ba. Asibitin da ke tara kuɗi don sayen irin wannan inji ya cancanci ya sake lissafi, wataƙila babur ga ma'aikaci ya fi masa amfani.

Sai dai akwai sakamakon da bai kamata a kawar da kai daga gare shi ba. A Indiya, gwajin ATTEND da aka buga a 2017 ya ɗauki mutum 1,250 a asibitoci 14. An koya wa 'yan'uwa dabarun gashi, aka bi su da ziyarar da ba ta wuce 6 ba, sauran aikin aka bar musu. Bayan wata 6, kashi 47 cikin 100 sun rasu ko suna dogara da wani, a rukunin da aka koyar da wanda ba a koyar ba. Ɗan'uwa mataimaki ne, ba ya maye gurbin gwani. Abin da ke biyan kuɗinsa shi ne gashin da ƙwararre ya tsara, yake dawowa yana duba shi, yana ƙara masa nauyi gwargwadon ci gaban majinyaci.

A ƙasar Hausa lissafin yana sauya kama, saboda aljihun da ke biya daban ne. A Nijeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga hannun iyali yake fita. Zuwa asibiti sau ɗaya na nufin shatar adaidaita sahu ko mota, da majiya ƙarfi biyu da za su cicciɓi majinyaci, da yinin da ya tafi babu kasuwa babu gona, kafin a zo ga kuɗin kati. Shi ya sa iyali kan daina zuwa bayan 'yan makonni, ma'aikaci ya ɗauka sakaci ne. Idan aka juya, ma'aikaci ya je gidan majinyaci, mutum ɗaya lafiyayye ne zai yi tafiyar. Amma shi ma lokacinsa kuɗi ne: wanda zai duba mutum goma a asibiti ba zai kai haka ba yana ratsa cunkoson Kano. Maganin wannan shi ne a haɗa majinyatan unguwa ɗaya a rana ɗaya, ko a yi amfani da ƙaramin asibitin unguwa. Wani bincike da aka buga a 2014 daga Ibadan, a kan mutum 52, ya nuna gashi a cibiyar lafiya ta matakin farko da gashi a gida sun ba da sakamako makamancin juna.

Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga takarda: matar da ta rufe sana'arta, 'yar da aka cire daga makaranta don jinya. Tsarin da ya rage wa asibiti kashewa ya ɗora wa waɗannan, sauƙinsa na ƙarya ne.

Babbar fa'idar gida ita ce ma'aikaci yana ganin ainihin filin da majinyaci zai rayu. Gadon asibiti yana da tsayi, a gida kuwa katifa ce a ƙasa ko tabarma, kuma tashi daga ƙasa darasi ne mai zaman kansa. Akwai dokin ƙofa da ƙafar da ke jan ƙasa za ta tsallaka, akwai masai na tsuguno, wanda kujerar katako mai rami daga kafintan unguwa kan warware matsalarsa. Riƙe buta a alwala, ɗaura zani da hannu ɗaya, kai loma baki, kowanne motsa jiki ne da za a maimaita sau da yawa a yini ba a biya ko sisi ba. A can ne kuma ake kama ɓarnar da ke jawo sabon kashe kuɗi: ɗaga majinyaci ta hammatar da ta shanye har kafaɗa ta goce, gasa masa jiki da ruwan zafi alhali ɓangaren ba ya ji har ya ƙone, ɗura masa kunu yana kwance har ya sarƙe ya kamu da ciwon huhu, barinsa a gefe guda har gyambon kwanciya ya ɓulla. Jinyar gyambo guda na iya cinye duk abin da aka yi tsiminsa.

Ba kowa ya dace da sallamar wuri ba. Wanda haɗiya ke gagara, ko hawan jininsa bai daidaita ba, ko ba shi da mai tsaya masa, gida haɗari ne gare shi. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a Nijeriya da Gana, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo ciwon a yankin. Awon jini da tambayar ko ana shan magani bai kamata su wuce kowace ziyara ba, domin shanyewa ta biyu takan rushe aikin watanni.

Hukumomin inshorar lafiya da hujja a rubuce suke aiki. Kira ga kowane ma'aikaci mai bin majinyata gida shi ne ya riƙa rubuta yawan ziyara, da abin da iyali suka kashe, da abin da majinyaci yake iya yi wa kansa ranar farko da ranar ƙarshe, sannan ƙungiyoyin sana'a su tattara waɗannan alƙaluma su kai su gaban masu tsara kasafi.