Abin da Ya Raba Notel da St Helena

A shekarar 1973 ne talabijin ya isa wani ƙaramin gari a lardin British Columbia na Kanada, wanda duwatsu suka daɗe suna tare masa sigina. Tannis MacBeth Williams da abokan bincikenta sun riga shi isa garin, suka sakaya sunansa da Notel, suka zuba ido a kan yara a filin wasan makaranta. Da suka koma bayan shekara 2, sai suka tarar duka da zage-zage sun ƙaru ainun a tsakanin yara maza da mata.

A 1995 talabijin ya sauka a St Helena, tsibirin Tekun Atlantika inda Napoleon ya rasu. Tony Charlton da tawagarsa sun ɗauki hotunan yara suna wasa kafin zuwansa da kuma bayansa, ba su ga ƙaruwar faɗa ba, alhali shirye-shiryen da yaran ke kallo suna ɗauke da tashin hankali. Masu binciken sun danganta haka da yanayin tsibirin: kowa ya san kowa, kuma da wuya yaro ya yi ɓarna babu babban da ya gan shi.

Gwajin Albert Bandura na 1965 ya ƙara haske. An nuna wa yara fim ɗin wani mutum yana jibgar 'yar tsana. Waɗanda suka ga an hukunta shi ba su kwaikwaye shi sosai ba, amma da aka yi musu alkawarin tukuici, sai ga shi sun iya dukan kamar sauran. Ashe duk sun koya, abin da suka ga ya biyo bayan dukan ne ya hana wasu aikatawa.

Saboda haka haɗarin ya fi tsanani inda jarumin fim yake kisa ana yi masa tafi, yaro kuma yana kallo shi kaɗai. Tace fina-finai yana da amfani, sai dai hukuma ba ta shiga ɗakin da yaro ya ƙule da waya. Aikin na iyaye ne: su zauna tare da shi, su tambaye shi halin da iyalan wanda aka kashe za su shiga. Maƙwabta da malamai ma suna da nasu kason, domin ɗa na kowa ne.