Ra'ayinmu: Ɗaurin Aure Daban, Zaman Aure Daban

A shekarar 2023 gwamnatin Kano ta aurar da mata 1,800, kuma mun yi murna. To amma, ya 'yan'uwa, ɗaurin aure na wuni guda ne, zama kuwa na shekaru ne. Aya ta 21 cikin Suratur Rum ta bayyana manufar aure: natsuwa, ƙauna da jinƙai. Ina natsuwa ga angon da ya tare cikin bashin lefe? Ina jinƙai ga matar da mijinta ke raba dare a majalisa, ba cefane, ba shawara? Don haka muna kira ga iyaye su sauƙaƙa, mazaje su kyautata, malamai su karantar da haƙƙoƙin aure tun kafin a ɗaura. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.